Yi wa Furotin da Feftayid Shaida da Aidin Mai Radiyeshon: Wace Hanya ce Ta Dace da Ɗakin Bincike a Sakkwato?

Maƙalar da aka gabatar a taron masu binciken kimiyyar lafiyar mutane da ta dabbobi, Minanata, Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin da ake bi a ɗaura wa furotin da feftayid aidin mai fitar da radiyeshon, domin a auna yawansu ko a bi sawunsu a ɗakin bincike. Manufarta ita ce tantance hanyar da ta fi dacewa da Sakkwato, inda aidin ɗin yake zuwa daga ƙetare, zafin bazara yake wuce digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. An kwatanta hanyoyi huɗu, an yi lissafin asarar da jinkirin hanya yake jawowa. Nazarin ya nuna cewa aidin-125 da hanyar Iodogen su ne suka fi dacewa, kuma aikin ya fi kyau a tattara shi a ɗaki guda mai lasisi wanda sassa da yawa za su yi tarayya a kansa.

1.0 Gabatarwa

Homon irin su insulin suna yawo a jini da ƙanƙantar da ma'aunin sinadarai na yau da kullum ba ya iya kaiwa gare ta. Dabarar da masana suka samo ita ce a ɗauki furotin ɗin da ake son nazari, a ɗaura masa ƙwayar zarra guda da ke fitar da radiyeshon, sannan a riƙa ƙirga wannan radiyeshon da na'ura. Kamar dai yadda makiyayi yake yi wa saniyarsa shaida a kunne ya sake ta cikin garke, duk inda ta shiga zai gane ta, haka mai bincike yake gane furotin ɗinsa a cikin dubban furotin na jini. Sharaɗin dai shi ne kada shaidar ta nakasa abin da aka yi wa ita.

Yau yawancin ɗakunan gwajin asibiti sun bar wannan hanya sun koma ELISA da na'urorin da ke aiki da hasken sinadari. Mai ciwon tayirod da ya je a auna masa jini a wani ɗakin gwaji na Minanata ko Mabera ko Gawon Nama ba ya buƙatar aidin mai radiyeshon, kuma wannan ci gaba ne. Tambayar maƙalar nan ta shafi bincike ne kawai. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar likitanci da ta likitan dabbobi da ta harhaɗa magunguna da sashen kimiyyar sinadaran rayuwa, ga kuma asibitin koyarwa. Akwai tambayoyin da masu bincike a waɗannan sassa suke fuskanta waɗanda kayan gwajin kasuwa ba sa amsawa. Idan aka yanke shawarar amsa su da aidin, wace hanya za a bi, kuma da wane tanadi?

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Livingood da Seaborg ne suka gano aidin-131 a Berkeley ta Amurka a 1938. Amfaninsa ga nazarin furotin ya fito fili ta hannun Solomon Berson da Rosalyn Yalow, waɗanda suka yi aiki a asibitin tsofaffin sojoji na Bronx a birnin Niyok. A 1956 sun yi wa insulin shaida da aidin-131 suka ba mutane, sai suka ga ya fi daɗewa a jinin waɗanda aka taɓa yi wa allurar insulin, domin jikinsu ya samar da antibodi da ke riƙe shi. Daga nan suka gina awon da aka sani da RIA, suka bayyana shi a 1959 da 1960. Asalinsa gasa ce: insulin mai shaida da insulin na jinin majiyyaci suna rige-rigen kama antibodi ƙalilan, duk yadda na majiyyaci ya yi yawa haka mai shaidar da ya samu wurin kamawa zai ragu. Yalow ta sami kyautar Nobel a 1977, Berson kuwa ya riga ya rasu a 1972.

Abin da ya rage shi ne hanya mai sauƙi ta ɗaura aidin ɗin. McFarlane (1958) ya yi amfani da aidin monokulorayid, hanya mai taushi ga furotin, amma tana cakuɗa aidin maras radiyeshon da yawa, shaidar ta fito da rauni. Hunter da Greenwood (1962) suka kawo kuloramin-T, suka gwada ta a kan homon girma na ɗan Adam, ta zama hanyar da aka fi bi a duniya. Da aka ga tana lalata wasu furotin, Marchalonis (1969) ya gabatar da enzayim laktoferoksides, Bolton da Hunter (1973) suka kawo hanyar da furotin ba ya haɗuwa da sinadarin oksideshan ko kaɗan, Fraker da Speck (1978) suka kawo Iodogen, Markwell (1982) kuma ya ɗora wani sinadarin oksideshan a kan ƙananan duwatsun roba. Ra'ayin da ya rinjaya a waɗannan ayyuka shi ne a zaɓi hanya bisa yanayin furotin. Wannan daidai ne, sai dai masu ra'ayin sun rubuta ne daga ɗakunan da aidin yake isa cikin kwana ɗaya ko biyu, fankar zuƙe tururi kuma ba ta tsayawa.

A yankinmu an san aidin-125 ta hanyar kayan gwaji haɗaɗɗu. Sashen haɗin gwiwa na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wanda aka kafa a 1964, ya rarraba kayan awon furojesteron ga ƙasashe masu tasowa a shekarun 1980 da 1990, kuma masu bincike a Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, Zariya, sun yi amfani da RIA wajen nazarin hayayyafar shanu Bunaji da jajayen awaki. A Yamai ma, Cibiyar Aisotof ta Jami'ar Abdou Moumouni ta daɗe tana awon homon tayirod ta wannan hanya. Irin waɗannan kaya da shaidarsu suke zuwa, an riga an ɗaura a waje. Ɗaura shaidar da hannu a nan gida shi ne gurbin da wannan maƙala ta nufa.

3.0 Hanyar Nazari

An bi matakai uku. Da farko an tattara bayanin kowace hanya daga ayyukan asali da aka ambata a sama. Sannan an yi lissafi daga rabin-wa'adin kowane aisotof, wato tsawon lokacin da rabin radiyeshon ɗinsa yake ƙarewa, domin a ga abin da zai rage bayan jinkirin hanya. Daga ƙarshe an auna kowace hanya da ma'aunai huɗu: lafiyar furotin bayan an gama, juriyar sinadaran ga zafi da tafiya, yawan matakan da ake yi kwalbar aidin tana buɗe, da kuma abin da zai faru idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Ma'aunai biyu na ƙarshe ba a cika kawo su a littattafan koyarwa ba, an shigo da su ne da gangan.

4.0 Nazari

4.1 Zaɓen Aisotof

Aidin mai radiyeshon da ake amfani da shi iri huɗu ne. Aidin-123 rabin-wa'adinsa awa 13 ne, aidin-124 kwana 4 da 'yan awoyi, duka biyun na ɗaukar hoton cikin jiki ne, ba su shafi wannan nazari ba. Saura aidin-131 mai kwana 8 da aidin-125 mai kimanin kwana 59 da rabi.

Nijeriya tana da tukunyar nukiliya ta bincike guda, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30, kuma an gina ta ne domin tantance sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da abinci, ba domin samar da aidin na kasuwa ba. Aidin-125 daga iskar zenon-124 ake samar da shi a manyan tukwane na ƙetare. Ke nan duk ɗigon da za a yi aiki da shi a Sakkwato sai ya hau jirgi, ya sauka a Legas ko Abuja da izinin shigowa daga Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, ya bi ta hannun kwastan a matsayin kaya mai haɗari, sannan ya kamo hanya. Daga Abuja fiye da kilomita 600 ne, daga Legas kusan 1,000.

A nan lissafi yake yanke hukunci. Idan kayan suka yi kwana 14 tsakanin masana'anta da teburin aiki, aidin-125 zai iso da kimanin kashi 85 cikin 100 na ƙarfinsa, aidin-131 kuwa da kashi 30 kacal. Idan jinkirin ya kai kwana 30, na farko zai iso da kashi 70, na biyu bai kai kashi 8 ba. Ga kuma batun kariya. Hasken gama na aidin-131 yana da ƙarfin kilo-elektronbolt 364, sai darma mai kaurin kusan milimita 3 kafin a rage rabinsa, alhali na aidin-125 tsakanin 27 da 35 yake, darma mai kaurin takarda tana rage rabinsa. Na'urar ƙirga gama kuma ta fi kama na aidin-125, tana ƙirga kashi 70 zuwa 80 na abin da ya fita. Babu dalilin da zai sa ɗakin bincike a Sakkwato ya nemi aidin-131 domin aikin furotin.

Zafi ba ya ƙara wa aisotof saurin ƙarewa, wannan sanannen abu ne. Abin da zafi yake lalatawa shi ne furotin ɗin da aka riga aka yi wa shaida. Wannan ne babbar hujjar sayo aidin tsurarsa, wato sodiyom ayodayid cikin ruwan alkali, wanda ba ya buƙatar ƙanƙara a hanya, a zo a ɗaura shi a nan, maimakon sayo furotin mai shaida da zai kwana a ɗakin ajiyar filin jirgi cikin watan Afrilu.

4.2 Yadda Aidin Yake Kama Furotin

Ayodayid da ke cikin kwalba ba ya kama furotin da kansa. Sai an yi masa oksideshan ya koma siffa mai neman elektron, sannan ya maye gurbin haidurojin a zoben amino asid tayirosin. Wannan ya fi gudana a pH 7 zuwa 7.5. Idan aka haura 8 zuwa 8.5, histidin ma yana karɓa. Tayirosin guda yana iya ɗaukar aidin biyu, kuma na biyun ya fi na farko saurin shiga, abin da ba a so.

Dalilin ƙin sa biyu ne. Girman ƙwayar aidin ya kusa na zoben benzin, don haka idan ta zauna a wurin da furotin yake kama makarɓinsa, ta toshe hanya. Insulin misali ne mai kyau: yana da tayirosin huɗu, a gurbin A14 da A19 da B16 da B26. Wanda aka yi wa shaida a A14 yana kama makarɓi kamar insulin na asali, na A19 kuwa kamunsa yana raguwa sosai. Dalili na biyu shi ne abin da ke faruwa lokacin da aidin-125 ya rikiɗe ya koma teluriyom: ƙarfin rikiɗewar yana farfasa ƙwayar furotin ɗin da yake kai. Idan aidin ɗaya ne, ɓaraguzan ba su da shaida, na'ura ba ta ganin su. Idan biyu ne, ɓaraguzan suna tafiya da aidin na biyu, su riƙa ɓata ƙirga.

Saboda haka sai a yi lissafi kafin a buɗe kwalba. Aidin-125 tsantsa yana da kimanin kuri 2,200 a kowane milimol, wato milikuri 1, daidai da megabekerel 37, nanomol 0.45 ne, nauyinsa bai kai nanogiram 60 ba. Maikurogiram 5 na insulin nanomol 0.86 ne, ke nan milikuri 1 zai ba da kimanin aidin ɗaya ga kowane insulin biyu, wanda ya yi daidai. Amma maikurogiram 5 na homon girma, mai nauyin dalton 22,000, nanomol 0.23 ne kawai, milikuri 1 zai ba shi aidin bibbiyu. A nan rabin milikuri ko ƙasa da haka ya isa. Ɗalibin da ya kwafi ma'auni daga takardar wani furotin ya ɗora a kan nasa ba tare da wannan lissafi ba, ya yi asarar aidin da furotin gaba ɗaya.

4.3 Hanyoyi Huɗu a Ma'auni

Kuloramin-T ita ce mafi arha, garinta kuma yana jure ajiya idan an kare shi daga laima da haske. Ana zuba furotin da aidin a bafar fosfet mai ƙarfi domin ta kashe alkalin da aidin ya zo a ciki, a ƙara kuloramin-T da aka narkar a lokacin, a ƙirga daƙiƙa 15 zuwa 60, a tsayar da sodiyom metabaisalfayit. Tana ɗaura aidin da yawa. Illarta ita ce furotin yana shan duka sau biyu: kuloramin-T tana taɓa metiyonin da tiriftofan da sistin, metabaisalfayit kuma yana iya tsinka gadojin salfa da ke riƙe da siffar furotin. Ƙari a kan haka, aiki ne na gaggawa, zubi uku ko huɗu cikin minti ɗaya, hannu na rawa, kwalba a buɗe. Wanda ya saba ba ya jin komai. Inda kuwa ba za a yi aikin ba sai sau ɗaya a wata biyu, sabo ba zai samu ba.

Laktoferoksides ta fi taushi, domin enzayim ɗin da ɗan haidurojin feroksayid kaɗan yake aiki. Tana da wata fa'ida kuma: enzayim ɗin babba ne, ba ya ratsa fatar ƙwayar halitta, don haka furotin ɗin da ke waje kawai yake yi wa shaida. Da wannan hanya Leech da Barnwell da Miller da Howard (1984) suka gano furotin ɗin da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro take fitarwa a bayan jar ƙwayar jini, wanda daga baya aka sani da PfEMP1, mai sa ƙwayoyin jini manne wa jijiyoyi. Matsalarta a nan ita ce enzayim furotin ne shi ma, sai da sanyi daga masana'anta har zuwa ranar aiki, kuma ɗan azayid da ake sa wa bafa don kada ta ruɓe yana kashe shi. Ya kamata a keɓe ta ga nazarin bayan ƙwayar halitta.

Hanyar Bolton da Hunter ta bambanta da sauran. Ana ɗaura aidin a kan wani ƙaramin sinadari tukuna, shi kuma ya kama layisin ko bakin amino na furotin a bafar boret, pH 8.5, a kan ƙanƙara. Ita ce mafita ga furotin maras tayirosin, ko wanda tayirosin ɗinsa yake daidai wurin aiki. Amma sinadarin ruwa yana rushe shi cikin mintuna, yana zuwa cikin benzin da sai an busar, yana da tsada, bafar Tris da duk mai amino tana cinye shi, kuma abin da yake kama furotin bai kai na sauran hanyoyin ba. Ga feftayid da ake haɗawa a masana'anta akwai hanya mafi sauƙi, wato a nemi a saka masa tayirosin tun wurin haɗi a gefen da ba ya aiki, kamar yadda aka yi wa somatostatin a gurbi na 11.

Iodogen ba ya narkewa a ruwa, kuma a nan amfaninsa yake. Ana narkar da shi a kuloroform, a zuba kaɗan a gindin kwalbar gwaji ta gilashi, a busar a hankali da iskar naitirojin har ya bar wani siririn farin shafe a jikin gilashin. Ana iya shirya kwalabe da dama a rana guda, babu radiyeshon a wurin, a ajiye su watanni cikin tulun busarwa mai silika. A rani iskar Sakkwato kanta busasshiya ce, a damina ne ake ƙara lura da silikar. Ranar aiki sai a zuba bafa da aidin da furotin, a rufe, a jira minti 5 zuwa 15, a tsotse ruwan a fitar. Fitarwar ita ce tsayarwa, babu metabaisalfayit. Abin lura guda shi ne kada shafen ya ɓamɓare ya bi ruwan, domin zai ci gaba da aiki a inda ba a so.

Idan aka ɗora hanyoyin a ma'aunai huɗun da aka gindaya, Iodogen ne kaɗai bai faɗi a ko ɗaya ba. Ya fi kuloramin-T taushi, ba ya neman firji, matakansa kaɗan ne, kuma yawancin lokacin aikin kwalbar a rufe take. Idan wuta ta ɗauke a minti na biyar, mai aiki yana da rufaffiyar kwalba a gabansa, ba buɗaɗɗiya ba.

4.4 Tacewa da Tabbatarwa

Abin da ya fito daga kwalba cakuɗe ne na furotin mai shaida da aidin da bai kama ba. Ga furotin babba, ɗan bututun Sephadex G-25 ya isa: furotin yana fara fitowa, aidin ya biyo baya. Ana wanke bututun da bafa mai albumin tukuna, in ba haka ba ɗan furotin ɗin zai manne a jikinsa. Feftayid ƙarami kuwa sai da HPLC, wadda ke raba mai aidin ɗaya da mai biyu da maras ko ɗaya.

Gwaji biyu ne wajibi. A ɗauki ɗigo a zuba masa asid tirikuloro-asetik kashi 10 cikin 100: furotin zai kwanta, aidin sakakke ya tsaya a ruwa, kuma ana son abin da ya kwanta ya haura kashi 90 zuwa 95 na ƙirga. Wannan yana nuna aidin yana jikin furotin, bai nuna furotin yana da rai ba. Gwaji na biyu shi ne a ba shi antibodi ko makarɓi mai yawa a ga kashi nawa ya kama. Ana rarraba abin da aka samu ƙanana-ƙanana a daskarar, domin narkewa da sake daskarewa yana kashe shi, kuma yawancin irin wannan furotin makonni 4 zuwa 8 yake amfani. Firjin da ke narkewa duk dare ba wurin ajiyarsa ba ne.

4.5 Inda Aikin Ya Cancanci Wahalarsa

Hujja mafi ƙarfi tana wajen dabbobi. Homon irin su LH da FSH da furolaktin furotin ne da siffarsu take bambanta daga dabba zuwa dabba, kayan ELISA na ɗan Adam kuma ba a dogara da su ga jar akuyar Sakkwato ko saniya Gudali ko tunkiya Uda ko raƙumi sai an tabbatar. LH ɗin ma a tsittsinke yake fita, mai nazarinsa sai ya ɗebi jini kowane minti 10 ko 15 na awoyi, samfura su taru ɗaruruwa daga dabbobi kaɗan. Ɗauri guda na aidin yana isar dubban kwalabe. A irin wannan yawa RIA tana iya fin ELISA sauƙin kuɗi.

Na biyu shi ne nazarin makarɓi. Ana yawan gwada tsirran gargajiya a kan ɓeraye masu ciwon sukari, a ba da rahoton cewa sukari ya sauka. Ko tsiron ya ƙara yawan makarɓan insulin ne, ko ƙarfin kamunsu, tambaya ce da insulin mai shaida a A14 yake amsawa kai tsaye. Na uku shi ne dafin maciji, na kububuwa da gamsheƙa da kasa, inda ake son sanin saurin da dafi yake barin wurin sara ya shiga jini, da yadda maganin dafi yake sauya wannan. Sai dai a aikin cikin jiki akwai tarko. Jikin dabba yana da enzayim masu cire aidin daga tayirosin, aidin da ya saku kuma yana taruwa a tayirod da ciki da fitsari. Wanda ya ƙirga radiyeshon a gaɓa ya ce dafi ne, wataƙila aidin kawai ya bi. Dole a ba dabbar potasiyom ayodayid tukuna, a kuma yi gwajin asid a kan kowane samfurin jini.

Duk abin da ya fita daga waɗannan, musamman awon homon na majiyyata, a bar wa ELISA.

4.6 Kariya, Doka da Shara

Dokar Kariya daga Radiyeshon ta 1995 ce ta kafa Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2001, ta kuma fitar da ƙa'idojinta na asali a 2003. Shigo da aidin da ajiye shi da amfani da shi duk sai da lasisinta, da jami'in kariya da aka naɗa. Iyakar abin da ma'aikaci zai sha a shekara milisibat 20 ne.

Haɗarin aidin-125 ba daga waje yake ba, ɗan allon darma ya tare wannan. Haɗarin shi ne shaƙa. Aidin yana tashi ya zama tururi idan ruwansa ya yi tsami ko aka daskarar da shi ko ya haɗu da sinadarin oksideshan, tayirod kuma yana tattara kusan kashi 30 na abin da ya shiga jiki ya riƙe shi makonni. Don haka ba a sa kwalbar sodiyom ayodayid a firiza, ba a buɗe ta sai cikin akwatin zuƙe tururi mai matatar gawayi, ana sa safar hannu biyu domin aidin yana ratsa roba, ana kuma auna wuyan ma'aikaci cikin kwana 1 zuwa 3 bayan aiki. Na'urar Geiger ta gama-gari ba ta cika jin aidin-125 ba, sai mai siririn kiristal na sodiyom ayodayid, kuma a kai ta a daidaita a cibiyar kariya daga radiyeshon da ke Ibadan. Mai juna biyu da mai shayarwa ba sa wannan aiki.

Abubuwa biyu sun keɓanta da wurinmu. Fankar akwatin zuƙe tururi tilas ta kasance a kan batir da sola, a kan layinta ita kaɗai, domin tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta akwai mintunan da tururi yake dawowa fuskar mai aiki. Jami'ar tana da Cibiyar Binciken Makamashi da ta daɗe tana aikin sola, wannan ba abu ne da za a nema daga nesa ba. Na biyu shi ne mai shara. Al'adarmu a asibiti da ɗakin gwaji ita ce duk abin da ya zube a kwara masa bilic. A kan aidin mai radiyeshon wannan shi ne mafi munin abin da za a yi, domin bilic yana mai da shi tururi nan take. Abin da ake zubawa shi ne sodiyom tayosalfet cikin ruwan alkali. Horon da aka ba malami da ɗalibi, a ba mai sharar ɗakin irinsa, da Hausa.

Shara ba a zubar da ita, ajiye ta ake yi har ta mutu. Rabin-wa'adi goma, wato kimanin kwana 600 ko wata 20, yana mai da radiyeshon ƙasa da kashi ɗaya cikin 1,000. Ana buƙatar ɗaki mai kulle, da durom mai kwanan wata a jiki, da littafin da ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, sannan a auna kafin a fitar. Tukwanen darma da aidin yake zuwa a ciki su ma a ƙirga su, domin darma kuɗi ce a wurin 'yan jari-bola. A Goiânia ta Brazil, a 1987, masu tsintar ƙarafa ne suka ɗauko na'urar siziyom-137 daga wani asibiti da aka yi watsi da shi, mutum huɗu suka mutu. Aidin na bincike bai kai kusa da wannan ƙarfi ba, amma hanyar fitar ɗaya ce, kuma darmar kanta guba ce, kamar yadda mutuwar yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ta nuna.

Waɗannan tanade-tanade sun fi ƙarfin sashe guda, kuma maimaita su a sassa huɗu ɓarna ce. Milikuri 5 da aka shigo da shi sau ɗaya a wata biyu ya isa ɗauri biyar zuwa goma. Idan likitan dabbobi da mai harhaɗa magunguna da masanin sinadaran rayuwa suka tsara aikinsu a mako guda bayan isowar kaya, lasisi ɗaya da akwatin zuƙe tururi ɗaya da na'urar ƙirga ɗaya da ɗakin shara ɗaya sun wadatar, ma'aikata biyu kuma su riƙa yin ɗaurin a madadin kowa har hannunsu ya faɗa. Kafin a nemi lasisi, a fara gwada dukkan matakan da aidin-127 maras radiyeshon, daga shafa Iodogen a kwalba har zuwa rubuta shara a littafi, tare da kashe wutar ɗakin da gangan a tsakiyar gwajin domin a ga ko fankar za ta ci gaba da juyawa.